Malamar da ta tara murafun kwalba

Tun kafin a buga ƙararrawa take shiga ɗakin gwaje-gwaje, ta buɗe tagogi, ta goge allo, ta jijjiga gwangwanin murafun kwalbarta ɗari biyu. Shekara talatin da ɗaya tana koyar da fiziks, ban taɓa ganin ta zauna a kujera ba. Mu muka sa mata Malama Ba-Zama, kuma ta sani.

Makarantar ba ta da na'urar auna tiririn nukiliya, sai ta tara murafu. Ta ce kowane ɗaya ƙwayar zarra ce marar natsuwa, wata rana za ta fashe ta fitar da tiriri, amma ba a san wacce za ta riga ba. Mu watsa su a tebur, mu kwashe waɗanda suka faɗi a kife, mu sake watsa sauran. Kowane zubi kusan rabi ke tafiya. Ni dai wasa na ɗauke shi a lokacin.

Bara likita ya ce maƙoƙon Ummata sai da maganin sha mai tiriri. Umma ta ƙi, wai zai zauna a jikinta har abada, ba za ta ƙara goya jikarta ba. Tana ramewa, hannunta na rawa, ni ina sintiri tsakanin asibiti da gida kamar zan zauce. Da dabara ta ƙare mini, na kira Malama.

Ta zo ta juye murafun a tabarma, ta ce wa Umma:

"Yaya, watsa da hannunki. Kowane zubi kwana takwas ne."

Umma ta watsa, ta kwashe, ta sake. A zubi na bakwai saura biyu.

Umma ta ce, "Sauran fa?"

"Sun gama aikinsu. Haka maganin yake, raguwa yake yi ko kin so ko kin ƙi. Kwanakin da likita ya ce ki nisanci yarinya dai, ki kiyaye."

Umma ta harare ni. "Duk karatun naka ba ka iya faɗin haka ba?" Daga nan ta yarda ta sha maganin.

Malama, ke ce kika yi abin da ya gagare ni, a tsaye, ko ruwa ba ki sha ba. Ƙarshen zangon nan za ki yi ritaya, kuma rashin sanin wanda zai gaje ki yana hana ni sukuni. Na gode, Allah Ya saka. Malamai masu tasowa, ku je ku kalli darasinta tun tana nan. Jiya na shiga gida na tarar da Umma tana shara, jikarta na barci a bayanta.