Maganar da Ban Wanke Ba

Ina da ɗiya uku na fara riƙe alli, a ajin yaƙi da jahilci na bayan kasuwar Malanville. Lokacin da na shiga jami'a a Parakou furfura ta fara fito mini, ƴan ajinmu Tanti suke ce da ni, wato gwaggo. Na karanci adabin Ingila da na Amurka. A gida ba wanda ya gane abin. Yayata cewa take na bar sayar da albasa na tafi koyon tatsuniyar Nasara.

Wani malaminmu ya taɓa maido mini da takarda saboda na gyara maganar wata tsohuwa ta cikin littafi, na sa ta yi ladabi. Ya ce in mutum ya yi magana da kaushi, kaushin ma magana ne, ba ni da ikon goge shi. Na riƙe wannan, don dama halina ke nan.

Da na dawo da digiri, shekara biyu ba aiki. Makarantun kolej sun ce na tsufa da shiga layin masu neman koyarwa. Sai wata ƙungiyar agaji ta zo da zancen injin ban ruwa don masu noman shinkafa, tana neman tafinta. Sunka ce gwajin sati guda, in na yi kyau in zauna.

Rana ta huɗu munka hau babura zuwa ƙauyen Madécali: ni, da shugaban ofis ɗan ƙasarmu, da wata Ba'amurkiya mai rubuta komai. Mata sunka taru. Cikinsu akwai wata tsohuwa, ƙawar marigayiya uwata, wadda ta goya ni ina jinjira. Baƙuwar ta tambaya mi suke bukata. Tsohuwar ta dube ta tana murmushi, ta ce su ne na huɗu da sunka zo da wannan tambaya, kuma allon ƙarfen da na uku sunka kafa, shi ne ƙofar garken awakinta yanzu. Ta ce in za su kawo allo, su kawo mai faɗi, akuyar ta haihu. Mata sunka yi dariya.

Shugaban ya matso kusa da kunnena. "Madam, ce mata suna godiya."

Ban ce ba. Na juya maganar yadda take, da akuyar da komai, har na nemo kalmar da za ta ɗauki murmushin. Ban taɓa yin Turanci mai kyau irin na ranar ba. Baƙuwar ta daina rubutu. Ta yi ƴar dariya, amma wuyanta ya yi ja.

Ran Juma'a anka ce mini gwaji ya ƙare, za a neme ni. Ba a nema ba. Injin kuma wani ƙauye anka kai shi. Ko maganata ce ta jawo, ko dama can haka anka tsara, ban sani ba har yau, kuma ba wanda zai gaya mini.

Na ɗauka aƙalla tsohuwar za ta ce na kyauta. Ta same ni a kasuwa bayan wata biyu, na koma kan albasata. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta karɓa da daɗi ba. Ta ce tun tana budurwa ake zuwa da tafinta, kowa ya san aikinsa: talaka ya zubar da abin da ke cikinsa gaban baƙo, ya samu sanyi, tafinta ya wanke maganar kafin ya miƙa. Ita da matan take, ba da baturiya ba.

Na ce, "Inna, ai ke kinka faɗa."

Ta ce, "Na faɗa don na san ke ce a tsakani. Da tafintan baƙo ne da na yi shiru."

Ta zaɓi albasa ba ta dube ni ba, ta tafi. Bana ma da guga mutanen Madécali suke ɗibar ruwa daga kogi zuwa fadama. Littattafaina na jami'a suna cikin akwati ƙarƙashin gadona. Damina ta shiga biyu daga ciki, shafukan sun manne, ban yi ƙoƙarin raba su ba.