Shekarar da Inna Ta Sa Bula a Farar Ƙasa

Ranar jajiberin ƙaramar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu a firamaren Kaikai, ina tsaye a tsakar gidanmu da tsohuwar tsintsiya a hannu Inna ta kwance ƙullin bula ta zazzage cikin bahon farar ƙasa. Bular nan dai ita ce shuɗin garin da ake tsoma fararen kaya a ciki bayan wanki. Ta sa muciya ta yi ta juyawa kamar mai tuƙin tuwon suna, har ruwan ya rine. Ni da ƙanwata Hanne muka dubi juna, don tun da muka yi wayo ba mu taɓa ganin an haɗa farar ƙasa da komai ba sai ƙaro, wanda shi ke sa ta kama bango. Ƙaron da muka sha sukar ƙaya wajen tsinto shi kuwa, Inna ta ture shi gefe, wai zai dushe mata kala.

A gidanmu Sallah daga bango take farawa. Azumi na kai ashirin za a fito da komai waje, a kakkaɓe yana, a liƙe ramukan ɓera, a yi wa ɗakuna sabon daɓe a zuba makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta riƙa sheƙi. Mu 'yan mata namu wankin jere ne. Kwanonin Inna da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, sai mun goge kowanne da toka, ta ƙirga da ido, ta mayar da su yadda suke. Idan muka saci jiki muka zauna carafke a bayan rumbu, muryarta ce ke tashinmu. Shafe ne aikin ƙarshe, kuma a nan matan unguwa ke gasa, ba wadda ke faɗa amma kowa ta sani. A shekarar Inna ta je suna gidan yayarta a Kankia, ta ga ɗaki mai shuɗin fenti, ta dawo ba ta da wani zance. Baba ya ce fenti sai gidan ma'aikata. Ita kuwa Inna mace ce da in ta ƙwallafa rai a kan abu, gara ka ba ta hanya. Kafin a sha ruwa mun shafe zaure da ɗakinta da ɗakin kakarmu Iya, kuma gaskiya ya yi kyau, har maƙwabta suka riƙa shigowa aron rariya don su gani.

Abu ɗaya ne ya hana gidan daɗi. Babanmu da wansa Baffa Sule ba sa magana tun bazara, a kan wata ɗorawa da ke iyakar gonakinsu, kowa ya ce kalwar tasa ce. Baffa mutum ne mai zuciya a kusa, kuma a gaban jama'a ya ce in aka sake ganin ƙafarsa a gidanmu a canja masa suna. Ga shi Iya a gidanmu take. Al'adarmu kuwa, in an sauko Idi 'ya'yanta biyu kan zauna a ɗakinta su ci tuwon Sallah a akushi ɗaya, ta sa musu albarka. Baffa ɗan fari ne, don haka ko sunansa ba ta kamawa, balle ta ce tana kewarsa. Sai dai ta ce "wancan na gabas." Amma ni da nake kwana a ɗakinta na san duk sallamar da aka yi a zaure sai ta kasa kunne.

Da safiyar Sallah aka kai mata tuwon shinkafa da miyar taushe, ta rufe da faifai. Baba ya lallaɓa, ya tuna mata ba a azumi ranar Idi. "Wa ya ce maka azumi nike? Ci ne dai ban yi," in ji ta. Haka ya gaji ya koma zaure yana amsar gaisuwa, ana ta zufa, kowa ya zo ya jingina da sabon bango ya yaba. Kafin hantsi ya dubi ludayi duk wanda ya fita daga gidanmu sai ka ga bayansa shuɗi fal. Liman ya tafi da nasa, sarkin pawa ya tafi da nasa. Inna ta shige ɗaki ta ce kanta ke ciwo.

Baba na fita gaida dagaci sai muka ji awaki sun firgita a bayan gida. Baffa Sule ne, cikin farar babbar rigarsa mai aiki, yana ratso dangar kara a sunkuye. Tun da aka sauko Idi yana gidansa yana cika yana batsewa, bai ji labarin bangonmu ba. Ya shige ɗakin Iya ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wajen, sannan ta tura masa akushi da ƙafa. Ya gyara zama, ya jingina sosai, ya ci, ita ma ta ja nata kwanon. Ban taɓa ganin tsohuwa ta ci tuwo da sauri haka ba. Da zai fita ya damƙa mana alewa ya ce ko a mafarki ba mu gan shi ba. Yana juyawa Hanne ta buɗe baki za ta yi magana, Iya ta zabga mata harara, ta rufe.

Bayan azahar aka aike ni kai tuwo gidan liman, na tarar da majalisa cike a gindin dalbejiyar masallaci. Baba na gefe guda, Baffa na tsakiya yana kaɗa hannun riga, yana ba da labarin yadda shi mutum ne mai magana ɗaya, yau ko hanyar gidanmu bai bi ba. Mutane sai tari suke yi, wasu sun sunkuyar da kai kafaɗunsu na rawa. Can wani tsoho mai sayar da goro ya ce, "To Malam Sule, halan bangon ne ya biyo ka gida?" Baffa ya jawo bayan rigarsa ya duba. Dariyar da aka yi har ƙofar gidan dagaci an ji ta. Na san halin Baffa, na ce yau sai an raba su. Sai Baba ya miƙe, bai yi dariya ba, ya juya ya nuna masa nasa bayan. "Yaya, taso mu tai a wanke muna tun bai kama ba," in ji shi.

Kowannensu rigar Sallah ɗaya gare shi, kuma babba ba ya fita ranar Sallah da singileti. Haka suka zauna kan tabarma ɗaya a tsakar gida, nesa da bango, suna kallon igiyar shanya. Na ji da kunnena Iya na ce wa Inna a madafa, "Kar ki matse rigunan da yawa." Rigunan nan har magariba suna ɗiga. Da farko zancen damina, sai tsadar taki, kafin la'asar sakaliya suna musun wanda ya fi wani shan duka a hannun mahaifinsu. Ɗorawa kuwa Iya ta ce tata ce, tun kafin a haife su take cin kalwarta, su biyun kuma suka bar mata.

Yau Iya da Baffa duk sun riga mu gidan gaskiya. Gidan ya sha siminti da fentin da Inna ta daɗe tana so, ga labule daga kasuwar Kankia, kwanonin jere suna cikin buhu a ƙarƙashin gado. Kwana biyu kafin Sallah mai fenti zai zo ya gama aikinsa ya tafi, ba ƙaya ba tsintsiya. 'Ya'yan Baffa da ke Katsina da Kano sukan bugo waya, wanda ya samu zuwa kuma yakan zauna a bakin kujera da makullin mota a hannu. Nakan yi kewar tsakar gidan nan da rigunan nan biyu a kan igiya. Yanzu kowa na fita da rigarsa fes, sai dai ba mai daɗewa.