Shizue, Mai Ɗaura Zare Ba Daidai Ba

Kafin kowa ya iso masana'antarmu ta ruwan ɗanɗanon waken soya a tsibirin Shodo, Shizue Kuramoto ta riga ta dafa shayi, ta tsaya gaban bangon ofis da zare a hannu. Bangon cike yake da katuna. A kan wani an rubuta "wari ya yi kaifi", zare ya ja shi zuwa "ɗaki ya yi zafi", daga can zuwa "buɗe tagar arewa", sai sunan wanda ya ƙware a wannan. Ita taswirar sani take kiran abin. Mu kuwa saƙar gizo muke ce masa, muna dariya.

Amsa waya aka ɗauke ta yi. Amma ita ta fara lura cewa Baba Tatsuzo, shugaban masu haɗi, ya soma mantuwa. Duk sirrin manyan gangunanmu na katako, da muke tsima waken a ciki, a kansa yake, kuma a al'adarmu gwani ba ya koyarwa da baki, sai dai ka tsaya a bayansa ka sata da ido. In kan nan ya tafi, aikinmu duka ya bi shi.

Sau ɗaya ta tambaye shi kai tsaye, ya ce, "Ke yarinya, na yi miki kama da makaranta?"

Sai ta koma ɗaura zare ba daidai ba, da gangan. Baba ya zo wucewa, ya yi turus.

"Wane marar kai ne ya haɗa farin kumfa da ƙarin gishiri?"

"Ni ce, Baba. Ba haka ba ne?"

"Haka ne a gidanku! Juyawa ake yi, da sanyin safiya. Miƙo zaren nan."

"To in damina ce fa?"

"Kai, wannan yarinya za ta kashe ni!" Ya ja kujera ya zauna.

Shekaru ta yi tana shan faɗa tana ƙara kati. Na sha ganin ta fita bayan gini ta share hawaye, ta dawo ta sake ɗaura wani kuskuren.

Bara a lokacin zafi, gangar da ta fi tsufa ta fara wari. Baba ya riga ya bar aiki yana gida, ko jikokinsa ba kullum yake gane su ba. Muka yi cirko-cirko. Shizue ta kama yatsan Noboru, wanda ya gaji kujerar Baba, ta ɗora a kan katin wari ta ce, "Bi zaren." Ya bi, muka yi abin da katunan suka ce, ganga ta tsira.

Daga baya 'yar Baba ta kawo shi ziyara. Ya daɗe yana kallon bangon.

"Wanda ya tsara wannan ya san aiki. Wane ne?"

"Wani tsoho ne mai faɗa, Baba," in ji Shizue.

"To ku riƙe shi da kyau."

Babu wanda ya iya ɗaga kai a ɗakin.

Shizue, a watan nan za ki ajiye aiki, kuma wallahi muna jin zafin rabuwa. Ke ce mai haƙurin da ta yarda a kira ta marar kai don kada mu wayi gari babu sana'a. Mun gode, 'yar halak.

Ku kuma, in kuna da tsohon da ilimi ke kansa, kada ku jira ya kira ku. Ku je ku yi kuskure a gabansa, tun yana iya yi muku faɗa.