Injin Majigin da Ke Jan Mutane

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin inji na gidan silima, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Majigi, ko da yake gidan ya daɗe da zama siton siminti. Yanzu wani ɗan shago gare shi a ƙarƙashin matakalar bene, yana gyaran fanka da dutsen guga. Ido ya ja baya, ƙugu ya sage.

Wata Talata ɗiyar marigayi maigidansa, malamar makaranta, ta kawo masa tsohon injin majigin gidan silimar.

"Baba, da na taɓa shi sai ya ja ni har kafaɗa. Masu gyara uku na kai wa, kowa ya ce in sayar a tsohon ƙarfe. Ga faifan fim na tsinta a akwati, an ce mahaifiyata na ciki. Ina goye ta rasu, ko tafiyarta ban sani ba."

Ya yi ajiyar zuciya. "Wuta ce ke yoyo a jikin ƙarfen. Bar shi nan, 'yata."

Kwana uku yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya cire ta moton da ke juya faifai, ya ɗora mitar gwada wuta, allura ta motsa. Ya cire ta fitila, haka nan. Matarsa ta kawo abinci, ta tarar da shi durƙushe da tabarau biyu a hanci.

"Malam, kai da injin nan ban san wa ya girmi wani ba."

A ƙarƙashin tiransifoma ya samo ta, wayar da robarta ta marmashe tana gugar ƙarfe. Kusa da ita ga wayar ƙasa, wadda ya kamata ta kwashe wutar, an yanke an ƙulle. Ya ƙura wa ƙullin ido. Hannunsa ne. Shi ya yanke ta wata rana da fiyus ya yi ta ƙonewa, 'yan kallo na ihu, ya ce gobe zai gyara.

Ya sauya wayar da ta lalace, ya haɗa ta ƙasa. Da malamar ta dawo bai ɓoye mata ba. Suka tura ƙofa, ya ɗora faifan ya haska bangon shago. Wata mata ta gifta a hoton riƙe da tire, ta waiwayo tana dariya, ta wuce; ya ce ita ce mahaifiyarta.

"Baba, a maimaita."

"Faifan ya bushe. Sau ɗaya zai ƙara ɗauka."

Ya jawo kujera ya zauna, ya fara naɗe shi da hannu a hankali.