Na Je Samaru Ganin Malamin Cikin Waya

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da jikata, da kaza ɗaure a kwando. Ubanta ne ya ƙwace mata waya, wai shiririta take yi. Ita kuma ta rantse karatu ne, koyon yadda ake ba kwamfuta umarni, kuma wai kyauta. Ni ban yi boko ba, amma a gidana ba a yanke hukunci sai na gani da idona.

Daga ƙauyenmu zuwa Shika hanya duk ramuka. Direba ya cusa mu kamar buhunan masara, har kazar ya so karɓar kuɗinta. Kallo ɗaya na yi masa ya bar zancen. A Samaru muka karya da koko da ƙosai, ƙosan nan ya ƙanƙance bai fi ɓarin goro ba.

Wurin da jikata ta ce ana koyar da abin wani ɗaki ne a bayan kasuwa, inda wata ɗalibar jami'a ke tara yaran unguwa ranar Asabar. Na miƙa mata kazar, don a wurinmu ba a zuwa gaban malami hannu rabbana. Ta yi dariya ta ce, "Iya, ni ɗan jagora kawai nake yi musu. Darussan suna intanet, wasu ne suka zuba don kowa." Na ce, "To riƙe, in kin gamu da su kya ba su."

Na samu lungu na zauna ina kallo. Jikata na so wata 'yar kyanwa da ke allon kwamfuta ta taka ta juyo. Kyanwa ta ƙi. Ta gyara, ta sake ƙi. Yarinyar da in aka ce ta maimaita shara sai ta kumbura baki, ga ta nan tana gumi tana sakewa, ba tsawa ba bulala. Wani yaro ya miƙo hannu zai yi mata, ta ture shi. Sai wajen azahar kyanwar ta juyo. Ko waiwayo ni ba ta yi ba, ta shiga darasi na gaba.

Ɗalibar ta ce rubutu a kan waya da wuya, gara a sami ɗan kibod, wato allon maɓallan rubutu, ko na hannu ne. Muka hau keke mai ƙafa uku sai Sabon Gari. Mai shagon ɗan kudu ne, yana ta "Mama, Mama" da Turancin kasuwa, ni ina mayar masa da Hausa, a haka muka daidaita. Sai da ya gwada kowane maɓalli a gabana kafin na kwance bakin zane.

Mun iso gida gab da magariba. Na kira ubanta na ce ya kawo wayar. Daga yau a ɗakina za ta riƙa kwana, yarinya kuma kullum bayan la'asar a kan tabarmata za ta yi karatunta. Ya sosa ƙeya ya ce, "Inna, ta yaya za ki gane ko karatun take yi?"

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan, shi na faɗa masa. Ba sai na gane abin da ke allon ba. Na ga fuskarta tana aiki a Samaru. Ranar da fuskar ta canza, ni zan riga shi sani.