Ranar da Mahaifina Ya Rasu Karo na Biyu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har lambar ɗakin da na yi shekara shida a ciki a unguwar 220 Logements ta Abidjan sai na yi dogon tunani kafin in tuno. Amma ranar da na je neman takardar binne Baffa tana nan daram a raina, kuma na san da ita za a kai ni kabari.

Bari in fara da asalin maganar. Mahaifina yana da rumfar takalma a kasuwar Adjamé. Ina da shekara biyu ya tafi ganin gida can Nijar, zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a ƙauyen da ba a rubuta haihuwa balle mutuwa. Mahaifiyata dama ta riga shi. Sai ƙaninsa, wanda ko takardar haihuwa ba shi da ita, ya ɗauki takardun mamacin ya taho Abidjan, don kada rumfar ta salwanta, ni kuma in rasa mai riƙo. Sun yi kama sosai. Duk lokacin da aka sabunta karti, wato katin shaida, hoton nasa ne, sunan na wansa. Mutanenmu duk sun san zancen, ba mai tayar da shi. Ni ma na sani tun ina ƙarami, shi ya sa ban taɓa ce masa Baba ba. Baffa nake kiransa, shi kuma bai taɓa nuna abin ya dame shi ba.

Da na shiga jami'a na karanci shari'a, sai kaina ya kumbura. Na fara shakkar komai, har abin da ke bayan kabari, ko da yake wannan a ciki na bar shi don gudun tashin hankali a gida. Abu ɗaya na yarda da shi, wato abin da aka rubuta aka buga wa hatimi. Wata rana muna zaune a tsakar gida na ce masa, "Baffa, ka san a idon doka babu kai a duniya?" Ya dube ni a tsanake ya ce, "To, wanda babu shi ya ce ka miƙo mishi buta." Kowa ya fashe da dariya ban da ni. Na miƙa butar ina ganin na fi shi hujja.

Shekaru suka shuɗe, na kama aiki a ofishin wani lauya. Wata safiya Baffa ya yanke jiki ya faɗi a rumfa, aka kai shi wani asibiti a Treichville, kafin hantsi ya cika. Aka sa shi a ɗakin ajiye gawa, aka ce ba za a ba mu shi ba sai da takardar izinin binnewa daga ofishin magajin gari. Ni ne mai Faransanci, ni za a aika. Matarsa, wadda nake kira Inna, ta kwance kartin daga cikin leda ta miƙo mini. Na duba, ga fuskar Baffa, ga sunan mahaifina. Nan take na ji ba zan iya ba.

Maimakon ofishin magajin garin, sai na wuce unguwar Arras wurin aminin Baffa, wani dattijo mai sayar da goro, wanda kuma shi ke wanke gawar mutanenmu. Na same shi ya riga ya baza farin yadi a kan tabarma yana yankan likkafani. Na ce masa gaskiya zan faɗa, wanda ke kwance can ba shi ne mai wannan karti ba.

"In ka faɗi, sai mi?" ya tambaye ni.

"Sai a yi bincike, a je kotu, a ba kowa sunansa."

"Kwana nawa ke nan?"

"Sati uku, ko wata guda. Ban sani ba, Alhaji."

"Wata guda cikin firij, kamar kifi?" Ya ajiye almakashin. Ya ce shi ba ya goyon bayan ƙarya, shekara talatin yana yi wa Baffa faɗa a kan wannan karti. Amma haƙƙin gawa gaggawa ne, kuma ga mace can zaune ba za ta iya ko kuka da kyau ba sai an rufe mijinta. "Zunubin ƙaryar ga, mu raba shi biyu, na ɗauki rabi."

A nan ne abin da na daɗe ina ɓoyewa ya kuɓuce mini. Na ce, "Alhaji, in babu komai bayan kabari fa? Takarda kaɗai za ta nuna ya taɓa rayuwa. In na sa hannu a wannan suna, na shafe shi ke nan, kamar ba a taɓa yinsa ba." Na sunkuyar da kai ina jiran salati da zagi. Sai na ji ƙarar fasa goro, ya miƙo mini ɓari guda.

"Yaro, in akwai, Munkari da Nakiri ba su tambayar karti. In kuma babu, yadda kake tsoro, mi takarda za ta yi mishi? Kai za ta yi ma amfani. Kana so ka bar mutum cikin sanyi don hankalinka ya kwanta."

Maganar ta yi mini zafi. Na ce masa in kowa zai zaɓi ƙaryar da ta yi masa daɗi, doka ta zama wasan yara. Ya ce, "Wanga ma gaskiya ne. Tahi ka yi abin da ka gani." Ya ɗauki almakashinsa ya ci gaba da yanka. Bai rinjaye ni ba, ni ma ban rinjaye shi ba, na fita da niyyata yadda na shigo da ita.

A ofishin magajin garin, wata mata mai tabarau ce a bayan teburin. Ta dubi fuskata ta ce, "Yako," gaisuwar da mutanen ƙasar ke yi wa wanda abu ya sama. Ta nemi kartin, na miƙa. Ta kwafi suna, na ce a raina bari ta gama wannan layin in yi magana. Ta kwafi ranar haihuwa, na ce to, a layi na gaba. Sai ta ɗago kai ta tambaye ni da Faransanci, ni wane ne ga mamacin. Ban yi shawara da kaina ba, kawai ji na yi bakina ya ce, "C'est mon père." Ubana ne.

Ta rubuta, ni kuwa hawaye suka ɓalle mini a gaban layin mutane, ƙato da ni. Na tuna mutumin da ya goya ni zuwa asibiti lokacin da ƙyanda ta kama ni, wanda ya tsaya cikin rana a ƙofar makaranta ranar da sakamakon jarrabawata ya fito, ko karatun allon sanarwar bai iya ba. Shekara talatin da ɗoriya ban taɓa kiransa da wannan suna ba, sai ranar da ba ya ji. Na ɗauki biro na sa hannu.

Bayan la'asar muka binne shi. A sallar gawa ba a ambaci sunan kowa ba, na lura da wannan, na kuma lura dattijon nan ya saci kallona. 

Takardar tana nan a akwatina har yau. Ba na alfahari da ita, na san na karya dokar da na yi karatu a kanta, kuma har gobe ban tabbatar wa ya fi gaskiya tsakanina da Alhaji ba. Shakkata ma ba ta tafi duka ba. Amma idan na buɗe ta ina ganin sunan ba nasa ba ne, ranar haihuwar ba tasa ba ce, layi ɗaya ne kawai gaskiya a ciki, wanda ya ce ɗan mamacin ne ya kawo labarin rasuwar. Abin da na koya ke nan: kada ka jira sai ma'aikaciyar ofis ta tambaye ka kafin ka faɗi matsayin mutum a wurinka. Ka faɗa masa tun yana iya amsawa.