Ranar da Muka Ɗaga Hannu a Inuwar Ɗorawar Gwaggo

Ranar Talata ce, farkon watan Maris, ƙarfe goma da rabi na safe. Waɗanda suka halarta su ne mai unguwarmu, da injiniyan kamfanin da aka ba aikin titi, da magidanta goma sha tara masu gonaki a bakin hanya, sai kuma ni. Na yi shekaru ina karanta labarai a gidan rediyo. Na karanta na ambaliya, na karanta na gobara, na karanta na ƙasashen da ban taɓa takawa ba, yawancinsu sun shige kamar ba a yi ba. Amma wannan zama na awa ɗaya, wanda ko a taƙaitattun labarai bai fito ba, ba na jin zai bar kaina har in koma ga Allah.

Wurin da aka zauna ma yana cikin labarin. A ƙarƙashin ɗorawar Gwaggo aka shimfiɗa tabarmi, domin duk ƙauyen babu inuwar da za ta ɗauki mutum ashirin sai ita.

Ƙauyenmu yana can bayan Bacirawa. Da muna yara, in ka tsaya a ƙofar gida gonaki kake gani sun haɗe da gonaki, ba ka gane inda ta wani ta ƙare sai da layin gamba ko na lalle. Daga baya birni ya yi ta matsowa, bulo yana cin gona ɗaya bayan ɗaya. Shekarun tsadar nan ne, lokacin da ma'aikaci ya ajiye mota ya koma a-daidaita-sahu, daga baya ita ma ya ajiye ta ya taka da ƙafa. A cikin wannan hali aka ce za a faɗaɗa hanyar da ta bi ta gabanmu, a mayar da ita tagwaye. Kafin mako ya zagayo kowane manomi ya zama ɗan kasuwa a ransa. Mutumin da ko ashana bai taɓa sayarwa ba sai ka gan shi yana auna gonarsa da ƙafa, yana cewa nan shago huɗu, can gidan mai.

A bakin hanyar akwai jerin itatuwa: ɗorawa shida, da tsamiya biyu, da wani gawo. Baƙo zai ɗauka na masu gonakin ne. Ba haka ba ne. A wajenmu, in aka zo rabon gado aka ga rabon mace a gona bai wuce 'yar tsiri ba, akan yi sulhu: maza su riƙe ƙasa, ita a ba ta itacen da ke tsaye a ciki. Da haka yayar mahaifina, wadda muke kira Gwaggo, ta mallaki babbar ɗorawar nan, ita kuma gonar da take ciki ta faɗa hannun ɗan baffana, wanda nake ce wa Yaya. Kowa a ƙauyen ya san wannan. Yaro ko akuya ta ɓace masa cewa yake yi ya gan ta wajen ɗorawar Gwaggo.

Gwaggo ta tsufa, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji. Ɗorawar ce abincinta. Ta sayar da garin ɗorawar, ta dafa kalwar ta yi daddawa, ɓawon ma masu daɓe su saya. A shekarun da masu albashi ke kuka, ita ba ta taɓa roƙon kowa ko mudu ɗaya ba.

Da yammacin Litinin na shiga gaishe ta, na tarar tana tsince kalwar bara, ƙaramin rediyonta yana rataye a jikin danga.

Ta ce, “Mai rediyo, an ce gobe za ku zauna a kan hanyar nan. Tawa fa?”

Na ce, “Ba abin da zai taɓa ta, Gwaggo. Injiniya ya nuna mini zanen. An ware fili a gefen titi, itatuwan duk suna ciki.”

“Kai ka gani da idonka?”

“Da idona.”

Ta ce, “To shi ke nan. In kai ka faɗa na kwanta. Muryar nan taka kullum ina jin ta, ban taɓa kama ta da ƙarya ba.”

Ban yi mata ƙarya ba. Na dai faɗa mata rabin labari, kuma duk wanda ya yi aikinmu ya san abin da rabin labari yake iya yi.

Washegari injiniya ya baza takardarsa a kan tabarma. Matashi ne, mai magana a hankali, kuma ya zo da zaɓi biyu. Na farko, a bar fili mai faɗin taku ashirin a gefen titi, itatuwan su zauna a ciki, ba gini, shaguna su koma baya. Na biyu, a share komai, gini ya zo har bakin kwata. Bai ɓoye wanda yake so ba. Ya ce kwalta in ta sha rana tana mayar da zafi, gari mai girma kuma yana bukatar wurin shan iska, itacen da aka sare yau ba za a ga kamarsa ba sai jikoki sun yi furfura.

Aka saurare shi da ladabi, irin ladabin da ake yi wa mai wa'azi bayan an riga an yanke shawara.

Yaya ne ya fara. Ya ce, “Injiniya, Allah ya ƙara ilimi. Amma wa zai hango shagona ta bayan ɗorawa?”

Wani dattijo ya ce, “Shagon me za ka buɗe, Alhaji?”

“Ko na mene ne. Ai sai an gan shi tukuna.”

Wani kuma ya ce shi a birni bai taɓa ganin titin manya da ɗorawa a bakinsa ba, kada a yi mana titi irin na ƙauye. Aka yi ta gyaɗa kai. Duk wannan magana a inuwa ake yin ta, wasu har sun tuɓe takalma sun miƙe ƙafa.

Takardar amincewa da Turanci take, don haka aka miƙo mini in karanta da Hausa. Na gyara murya na karanta kamar labaran duniya, ban tsallake ko kalma ɗaya ba. Wanda takardar ta nema ya sa hannu shi ne mai gona. Wanda ya rubuta ta a ofis bai san akwai ƙasar da mai gona daban, mai itace daban ba. Mu da muka sani kuwa muna zaune.

Injiniya ya dube mu ya ce, “Akwai wani mai hakki a wurin nan da bai zo ba?”

Lokacin ɗorawa ta yi tutu, jajayen furanninta suna reto a kanmu. Na tuna sarai ɗaya ya faɗo a kan takardar, mai unguwa ya sa yatsa ya ture shi. Mata tara ne ke da itatuwan nan. Babu namijin da ke wurin da ba zai iya jero su da ka ba. Yaya ya ce, “Duk muna nan.”

Ni ma ina da 'yar tsiri a bakin hanyar, rabon mahaifina, kuma har wani ya riga ya zo tambaya ko zan sayar. Na dubi takarda kamar ina neman wani layi da na manta.

Mai unguwa ya ce masu son a share su ɗaga hannu. Hannu goma sha tara suka tashi. Ya waiwayo ya ce, “Mai rediyo, kai fa?” Na ɗaga nawa, biro yana tsakanin yatsuna. Injiniya ya naɗe zanensa, ya ce motocinsa ba za su iso nan ba sai bayan damina, babu gaggawa.

Gaggawar mu muka kawo ta. Aka ce nan da mako biyu wani babban baƙo zai zo ƙaddamar da aiki, ana bukatar fili a kafa rumfuna. Sai muka yi karo-karo muka ɗauko mai injin sare itace da kanmu. A shekarar da aka kasa haɗa mu a gyara rijiyar masallaci, wannan karo-karon a yini ɗaya ya cika.

Gwaggo ta ji labari, har da na hannuna, domin a ƙauye hannu ba ya tashi a ɓoye. Ta fito da mayafinta ta sami Yaya a gindin itacen. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta ce, “Ɗan nan, ban ce a fasa ba. Kwana arba'in nake roƙo. Ka ga ta yi tutu. A bari ta nuna in sauke ta bana, sannan ku yi abin da kuka ga dama.”

Yaya ya ce, “Gwaggo, ki yi haƙuri, gwamnati ba ta jiran kalwa. Amma itacen naki ne, wallahi ko reshe ɗaya ba wanda zai ɗauka.”

Ya kuwa cika alkawari. Aka faskara ɗorawar, aka loda a amalanke, aka jibge mata a ƙofar gida har ya kusa toshe zaure. Mu mutane ne masu kiyaye hakki. Mun san sarai wa ke da itacen, bayan ya faɗi.

Ranar ƙaddamarwa ni aka ba lasifika in gabatar da taro. Rumfunan haya suka tsaya daidai inda ɗorawar take, kututturen an rufe shi da darduma an ɗora masa butar ruwa. Zafin da ke cikin rumfar nan ba a magana. Manyan riguna suka jiƙe, mai unguwa yana fifita da takardar shirin taro. Babban baƙo ya iso bayan azahar, ya yi jawabi mai kyau a kan hamada da amfanin itace, ya ce duk wanda ya sare ɗaya ya dasa uku. Muka tafa. Yaya ya fi kowa tafi. Sannan aka kawo wata 'yar darbejiya a baƙar leda, tsawonta bai kai gwiwa ba, baƙo ya durƙusa ya dasa, masu hoto suka ce ya sake, ya sake.

Ina cikin cewa wannan rana ce ta tarihi sai na ga mutane suna darewa. Gwaggo ce, ta ratso ta tsakiyar maza da sandarta. Ba wanda ya iya tare ta, domin rabin masu tarewar ita ta goye su. Ta tsaya kusa da ni, lasifika tana hannuna a kunne.

Ta ce, “Ranka ya daɗe, tambaya gare ni. Wannan 'yar da ka dasa, ta wa ce? Ta mai ƙasa ce ko ta mai dasawa?”

Baƙo ya yi murmushi ya ce, “Ta kowa da kowa ce, Inna.”

Ta ce, “To Allah ya jiƙanta. Tawa da take da mai ita ma ba ta tsira ba.”

Wasu suka yi dariya, suna tsammani barkwancin tsofaffi ne. Baƙon ma ya yi, don bai san zancen ba. Mu ashirin ba mu yi ba. Sai ta juyo gare ni, ba ta ɗaga murya ba, amma lasifika ta kai maganar har bakin masallaci.

“Kai kuma mai rediyo, in ka koma ka faɗa musu an yi taro lafiya an tashi lafiya. Za su yarda. Ni ma ai na yarda.”

Ta juya ta tafi. A duk shekarun da na yi ina aiki ban taɓa barin lasifika ta yi shiru a hannuna ba sai ranar. Makaɗa ne suka cece ni.

'Yar darbejiyar ta yi kwana uku. Awakin Yaya ne suka cinye ta. Motocin kamfani suka zo bayan damina, suka kankare ƙasa, sannan aiki ya tsaya kamar yadda ayyuka da yawa suka tsaya a shekarun. Damina uku muna kallon jan fili, da rani ya ƙona ƙafa, da ruwa ya zama tafki. Majalisar dattawan da ke zama a gindin ɗorawa ta koma inuwar wata tirela da ta lalace aka bari, suna jan benci suna bin inuwar daga wannan taya zuwa waccan. A nan na ji wanda ya ce kada a yi mana titi irin na ƙauye yana cewa gwamnati ba ta kyauta ba da ta sare mana itatuwa.

Yau titin yana nan, tagwaye, motoci suna wucewa da gudu. Ban ce ba shi da amfani ba, mai naƙuda tana isa asibiti cikin minti kaɗan. Amma da an bi zanen farko, haka za ta isa, ɗorawar kuma tana tsaye. Ba titi ne ya ci ta ba. Shagunan Yaya huɗu ana hango su tun daga nesa, kamar yadda ya so. Uku a rufe suke, a na huɗun ana sayar da lemar rana da ruwan leda.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna. In aka tara mutane aka tambaya ko akwai mai hakkin da ba ya nan, shirun wanda ya sani shaida ce ya bayar, kuma shaidar zur ce. Kafin ranar ina ɗauka gaskiya ita ce kada ka faɗi abin da bai faru ba. Daga ranar na gane mutum yana iya karanta kowace kalma daidai, ya tashi maƙaryaci.

Gwaggo ba ta ƙara yin daddawa ba. Itacen da aka jibge mata ya yi shekara biyu a ƙofar gida, ba ta sa ko ɗaya a murhu ba, har gara ta cinye. Ta rasu damina ɗaya kafin a zuba kwalta. Da aka zo fitar da kayan ɗakinta an sami rediyon a ƙarƙashin gado, a naɗe cikin tsumma, babu batir a ciki.